Ril ya yi kyau, to igiyar fa?

Jama'a, abin nan ya fara isata. Duk wanda ya shiga harkar fatsar salmon a kogunan Sikotland, tambayarsa ta farko ita ce wane ril zai saya. Zai zuba ɗaruruwan fam a kan na alminiyom mai sheƙi, mai rufaffen birki irin na kamun manyan kifayen teku, sannan ya juya ya ce wa mai shago, "Haɗa min da igiya lamba 9, kowace iri." Kowace iri! Ai wannan sayen sirdin azurfa ne a bar doki babu harawa.

Ril fa ba ya jifa. Aikinsa ya naɗe igiya da zaren ajiyar da ke bayanta, yadi 150 zuwa 200, ya saki idan kifi ya ruga, ya kuma daidaita nauyin sanda a hannu. Kamfanin Hardy na garin Alnwick ya fito da ril ɗinsa Perfect tun 1891, birkinsa ɗan harshen ƙarfe ne da ke ƙara a kan haƙora, kuma har gobe ana fitar da salmon da irinsa a kogunan Tay da Tweed. Yayin ril mara nauyi ma cuta ne. Ka ɗaura shi a sanda mai ƙafa 14 ko 15, kan sandar ya rinjaya ƙasa, kafin la'asar wuyan hannunka ya gaya maka. Wani kuma an fafake jikinsa don ado, har siririyar igiyar gudu da ke bin bayan kan igiya tana saƙalewa ta gefe, daidai lokacin da kifi ya ja.

Igiya ita ce ke kai ƙugiya gaban kifi, ita ke sa ta nutse ko ta bi saman ruwa, ita ke lanƙwasa sanda har jifa ya tafi. Kuma "lamba 9" ba abu ɗaya ba ne. A tsohon ma'aunin AFTM, wanda ke auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, lamba 9 ba ta kai giram 16 ba, don sandar hannu ɗaya aka yi ta. Sandar hannu biyu mai wannan lambar kuwa tana neman kan igiya mai kusan giram 38. Mutum ya sayi ta farkon, ya yini yana dukan ruwa, ya koma gida yana zargin sanda. Wani ma har ya fara tunanin sauya ril!

Waɗanda suka ɗan waye kuma sun faɗa wani ramin: Skagit a ko'ina, a kowane lokaci. Wannan gajeren kan igiya mai kauri a Amurka aka ƙirƙiro shi, a kogin Skagit na jihar Washington, don jefa manyan ƙugiyoyi da baki mai nutsewa a ruwan sanyi. A watan Fabrairu ko Maris, kogi ya cika ya yi sanyi, babu kamarsa. Amma a Yuli, ruwan kogin Dee ya ja baya ya yi garai-garai, kana hango duwatsun ƙasa, sai ka ga bawan Allah yana tima shi tim, kifin da ke kwance a gurbi ya watse, mai fatsar da ke bayansa ma ya rasa. Haba malam! Kan Scandi mai siririn baki yana nan, yana sauka a hankali. Doguwar igiyar Spey ma ba ta mutu ba. Tun 1895 Alexander Grant ya jefa yadi 65 a kogin Ness da sandar katako.

Na yarda, birki mai kyau yana da rana. A manyan kogunan Norwe irin su Gaula da Alta kifi kan tafi da zare da yawa, kuma yanzu da ake sakin mafi yawan salmon da aka kama a Sikotland, gara a gama da shi da wuri a mayar da shi da sauran ƙarfinsa. Sai dai ril mai matsakaicin kuɗi ma yana yin wannan.

Don Allah, kafin ka taɓa ril, duba giram nawa aka rubuta a jikin sandarka. Ka ari kan igiya biyu ko uku wurin abokan fatsa, ka gwada su a kan ruwa, ba a kan ciyawa ba. Ka sayi ɗaya na ruwan sanyi, ɗaya na bazara. Canjin da ya rage, shi ne na ril.