Masu Lambun Gangaren Maiwurno

Wanda bai taɓa ban ruwa a gangare ba sai ya ɗauka aikin yara ne: ka ɗaga ruwa ka kai sama, ka sake shi ya sauko. To, ruwan da aka saka a gangare ba ya da ladabi. In bai gamu da gwani ba, kafin la'asar ya kwashe ƙasa, ya tone saiwa, ya bar wa mai lambu kwazazzabo. Shi ya sa nake jinjina wa 'yan'uwanmu masu lambu a gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da mutanen Sudan ke kira Bahar Azrak.

Maiwurno na gaɓar yamma, kudu da Sinnar. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ja jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutane ne da suka fito daga ƙasar jigo da fangali. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, ginin dutse mai tsawon fiye da kilomita 3, sai kogin da ke gabansu ya koma kamar tafki, yana hawa yana sauka.

Gangaren da ruwa ke janyewa ya bari shi ake kira juruf, kuma mai lambu ba ya kallonsa a matsayin fili guda. Hawa-hawa yake karanta shi. Can ƙasa, inda sabuwar laka ke da danshi, ba a ban ruwa ko kaɗan: bin ruwan ake yi a baya, ya ja da taki goma, a shuka taki goma na kankana, kabewa, wake ko kuɓewa. Wanda ya yi gaggawa iri ya ruɓe masa, wanda ya yi nawa laka ta bushe ta dare. Can bisa tudu, inda ambaliya ba ta cika kaiwa ba, nan mangwaro da gwaba da ayaba suke.

Tsakiya ce wurin gwaninta. Nan ake yanka gangare a fitar da fangali don albasa da tumatir, kowane a miƙe kamar tabarma. Ma'aunin ido ne da fartanya. Sai mai lambu ya saki ruwa ɗan kaɗan, ya tsuguna yana kallon inda ya ruga da inda ya noƙe, ya kankare nan, ya cike can. Babbar hanyar ruwa ba ya barin ta ta fuskanci kogi kai tsaye, gicciye yake jan ta don ruwan ya yi tafiyar hawainiya. Inda dole ya faɗo daga hawa zuwa hawa, sai a shimfiɗa masa abin da zai karya ƙarfinsa. Dutse ba ya da yawa a wannan ƙasa ta baƙar laka, don haka ɓaraguzan jan bulo da damin ciyawa su ke tsaya masa. Ƙofar kowane fangali kuwa curin laka ce: sara ɗaya ya buɗe, taku ɗaya ya rufe.

Yau inji ke ɗaga ruwan, kuma babur suke ce masa, sunan da mu muka ba abin hawa. Amma inji iyakarsa ya kai ruwa sama. Rabon ruwan har gobe yana hannun mai fartanya.

Tun 2020 Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta da ke saman wannan kogi, madatsar da ke riƙe laka tana kuma rage ambaliya. Laka da ambaliyar nan su ne takin juruf.