Gawa a Matsayin Mai Shaida: Labaran Binciken Mutuwa da Gurbinsu a Adabin Hausa

Daga cikin rassan ƙagaggun labaran aikata laifi akwai wanda jaruminsa likita ne ko alƙalin da doka ta ɗora wa alhakin gano musabbabin mutuwa. Labarin kan soma da gawa wadda kowa ya yarda ajali ne ya ɗauke ta, sai mutum ɗaya ya lura da tabo a wuya, ko launin farce, ko ragowar abinci a ciki, ya ce da sake. Daga nan jiki ke ba da shaidar da harshe ya ɓoye.

Muƙamin alƙalin binciken mutuwa ya kafu a Ingila a 1194. A Sin kuwa, Song Ci ya rubuta littafin koyar da duba gawa tun 1247. Adabi ya biyo baya da jinkiri. R. Austin Freeman ya ƙirƙiro Dakta Thorndyke a 1907, sannan Patricia Cornwell ta farfaɗo da salon a 1990 da likita Kay Scarpetta. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Tail of the Blue Bird na Nii Ayikwei Parkes, ɗan Gana, da ya fito a 2009, inda aka tura matashin likita wani ƙauye, ya tarar iliminsa bai wadatar ba sai da ya saurari wani tsohon maharbi.

A Hausa salon bai yi saiwa ba. Laifi dai ya daɗe a rubutun zube: Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ginu kan sammu da ramuwar gayya, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya bi sawun ɗan ta'adda. Sai dai a cikinsu mai karatu ya san mai laifi tun farko, abin da yake jira shi ne sakayya. Adabin kasuwar Kano ma cike yake da kishiyar da ta sa guba a abinci, amma asirinta kan tonu ta hanyar mafarki, ko hauka, ko iƙirari a gadon mutuwa. Da wuya hujja ta tona shi.

Dalilin yana cikin rayuwa. A Birnin Tsaba ko Shinkafi na jihar Zamfara, wanda ya rasu da hantsi an kai shi makwancinsa kafin la'asar, domin gaggauta jana'iza sunna ce, ga kuma zafin rana. Yanka gawa abu ne da dangi ke ƙyama. Wanda ya matsa da tambaya kan ji an ce kwana ne ya ƙare, ko a zarge shi da rashin tawakkali. Doka ta ba majistare ikon zaman binciken mutuwa, amma talaka a Zurmi ya fi sanin mai unguwa da liman da hakimi.

Duk da haka kayan aikin suna nan, kuma abin takaici ne marubuta su bar su. Fiƙihun Malikiyya, wanda almajirai ke karantawa a Risala, yana da babin ƙasama: idan an sami alama mai ƙarfi amma babu cikakkun shaidu, dangin mamaci su yi rantsuwa 50. Malikawa sun ɗauki furucin wanda ke gargarar mutuwa, idan ya ambaci wanda ya ji masa rauni, a matsayin irin wannan alama. Zamfara ta dawo da hukunce-hukuncen shari'a a Janairun 2000, don haka alƙali mai auna irin wannan furuci mutum ne na zahiri. Akwai kuma mai wankan gawa, mace ko namiji, wanda shi kaɗai ke ganin jikin kafin likkafani, alhali an hore shi da rufa asirin mamaci. Me zai yi in ya ga shatin igiya? Wannan tsaka mai wuya ta isa littafi guda.

Jihar Zamfara ma ta ga binciken gaske. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura magani ba ya ci, aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka salwanta. Babu makashi guda, ga kuma iyaye masu tsoron faɗin gaskiya kada a hana su sana'ar da suke ci da ita.

A arewacin Zamfara yau kisan 'yan bindiga ya yi yawan da mutuwar mutum ɗaya ke ɓacewa cikin jimla, kuma mai son ɓoye laifinsa yana iya jingina shi ga daji. Salon da ya dage cewa kowace gawa tana da suna da musabbabi ya dace da irin wannan wuri. Marubucin da zai gwada shi ba ya buƙatar aron ɗakin gwaje-gwajen Amurka. Ya zauna da malaman asibitin Ƙaura Namoda, da alƙalai, da masu wankan gawa, ya koyi aikinsu kafin ya ɗauki alƙalami.