Mai gudu ya ga hanya, amma ya ga gari?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wani salon labarin tafiya da ke tashe yanzu: mutum ya ɗaura takalmin gudu, ya ƙetare ƙasashe da ƙafa, ya dawo da littafi ko fim. Bari mu ɗauki ɗaya daga cikin fitattu mu auna shi.

A 2011 ɗan tseren Taiwan, Kevin Lin, ya tashi daga Istanbul cikin watan Afrilu, ya isa birnin Shi'an na ƙasar Sin cikin Satumba. Ya ratsa Turkiyya, Iran, Turkmenistan, Uzbekistan, Kazakistan da Sin, wato tsohuwar Hanyar Siliki da ayarin fatake ke bi. Kwana 150, kilomita wajen 10,000. Manufar da aka shelanta ita ce jawo hankalin duniya kan ƙarancin ruwa. Lin ba baƙonmu ba ne: yana cikin mutum ukun da suka ratsa Sahara da gudu cikin kwana 111, daga 2006 zuwa 2007, suka bi ta Agadas, aka yi fim ɗin Running the Sahara a kansu.

Mu fara da yabo, don ya cancanta. Ku raba 10,000 gida 150, za ku samu kusan kilomita 67 kowace rana. Gudun fanfalaki na gasa kilomita 42 ne da ɗoriya, wanda ya yi shi sau ɗaya ma sai ya yi kwanaki yana ɗingishi. Shi kuwa ɗaya da rabi yake yi kullum, wata biyar. Kamar a ce mutum ya bar Maradi da ƙafa ya shiga Damagaram kafin cikar kwana huɗu, kuma gari na wayewa ya ci gaba. Mai irin wannan tafiya ya san abin da ɗan jirgin sama bai sani ba: zafin kwalta da tsakar rana, nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya, yadda ƙasa ke sauya kama sannu a hankali. Idan ya yi maganar ƙishirwa, daga maƙogwaronsa ta fito.

To amma lissafin nan da ya sa muka yaba, shi ne kuma ke tona asirin labarin. Wanda ya yi kilomita 67 a yini, yaushe ya zauna? Da dare ƙafa ce a kumbure, sai abinci, sai barci. Ba lokacin koyon gaisuwa, balle a zauna a gindin bishiya a ji ta bakin manomi. Shi ya sa irin waɗannan labarai suka fi ƙwarewa a kan jikin mai gudu: gwiwa, farce, zawo, kukan da ya yi a kilomita kaza. Mutanen gari kuwa sai su koma ado a bakin hanya, yara masu ɗaga hannu, tsohuwa mai miƙo shayi. Ana gode musu, ba a tambayarsu komai.

Ku dubi maganar ruwan da aka ce dominta aka fito. A yankin nan ne tekun Aral yake, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, wanda a da yake cikin tafkuna huɗu mafi girma a duniya. Daga shekarun 1960 gwamnatin Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya don noman auduga, tafkin ya janye, har jiragen kamun kifi na garin Moynak suka rage zube a kan rairayi. Wannan ba fari ne daga sama ba, shawara ce da aka yanke a ofis. A Iran kuma, da Turfan ta ƙasar Sin, mutane sun daɗe suna haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa daga gindin duwatsu zuwa gonaki, don kada rana ta shanye shi. Ka ga nan akwai laifi, akwai kuma hikima. Duk biyun ba a gano su da saurin ƙafa, sai da zama da tambaya. Mai gudu kuwa ruwansa na cikin motar da ke biye da shi.

Abin sha'awa, garin da Lin ya kammala tafiyarsa shi ne garin da malamin addinin Buda, Shuwanzang, ya baro a ƙarni na 7 zuwa Indiya. Ya shafe sama da shekara 15, ya zauna a makarantar Nalanda ya yi karatu, ya dawo a 645. Littafin da ya bari kan ƙasashen da ya gani, masu tarihi da masu tono na aiki da shi har gobe. Tafiyarsa ta yi jinkiri, amma labarinsa ya daɗe. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Saura abu ɗaya da labaran nan ke wucewa da sauri: iyaka. Ƙetare ƙasa shida yana buƙatar fasfo mai daraja, biza, kamfanoni masu ɗaukar nauyi, likita da direbobi. Mu nan mun san bambancin. A Agadas ɗin da masu gudu suka bi ana ɗaukarsu hoto, matasa nawa ne suka bi hanyar Libiya da galan ɗaya na ruwa? Wancan sunansa gwarzo, wannan sunansa baƙon haure. Labarin da ke cewa “duniya a buɗe take ga mai himma” ba tare da ya faɗi wanda ya riƙe makullin ba, rabin gaskiya ya faɗa.

Don haka ba cewa muke kada a karanta ko kada a kalla ba. A karanta, a ƙaru da juriya. Amma kowane shafi a tambaya: wa ya yi magana a nan ban da mai gudu? Mu ma masu koyon rubutu, idan mun je Konni ko Diffa muka dawo da labari, ma'aunin da za a ɗora mu kai kenan: sunan wa muka riƙe, me ya gaya mana, kuma mun zauna har ya gama?