Ko Gafara Baiwar Bature Ce? Nazari a kan Littattafan James Fenimore Cooper

Cikin tsofaffin littattafan labari da ɗalibai kan samu da Turanci ko Faransanci, akwai na wani Ba'amurke mai suna James Fenimore Cooper. An haife shi a 1789, ya rasu a 1851. Ya girma a Cooperstown, garin da mahaifinsa ya kafa a bakin Tafkin Otsego cikin jihar Niyok, a wurin da gonakin Turawa suka ƙare, kurmi ya fara. Tsakanin 1823 da 1841 ya rubuta littattafai 5 a kan wani maharbi Bature, Natty Bumppo, da amininsa Chingachgook, ɗan ƙabilar Mohikan. Wanda ya fi suna shi ne The Last of the Mohicans na 1826, wato na ƙarshen Mohikan. Cooper yana cikin waɗanda suka share hanya ga labaran yammacin Amurka da daga baya suka cika gidajen silima.

Littattafan nan zuma ne, ga zaƙi ga harbi. Ya kamata a fara da zaƙin.

A cikin The Pioneers na 1823, mutanen gari sun fito harbin tattabarun daji da suka rufe sararin sama. Har igwa suka jawo, suka kashe abin da ba za su iya ci ba. Natty ya harbo guda ɗaya don abincinsa, ya tsawata musu a kan ɓarnar halittar Allah. Tarihi ya gaskata shi, gama irin wannan tattabara ta ƙare ƙaf a duniya a 1914. A cikin The Deerslayer na 1841 kuma, mayaƙan Huron sun kama Natty, suka sake shi ya kai saƙo bisa alkawarin zai dawo. Ya san azaba ce ke jiransa, duk da haka ya dawo a kan lokaci. Iyaye za su so 'ya'yansu su koyi irin wannan riƙon amana.

To, amma ga harbin. Natty yana da wata koyarwa da yake maimaitawa, cewa Allah ya ba kowace al'umma baiwarta. A ganinsa, feɗe fatar kan abokin gaba da ɗaukar fansa baiwar Ba'indiye ce, ba laifi a gare shi. Gafara kuwa baiwar Bature ce, domin shi Kirista ne. Da farko maganar tana kama da adalci, tun da ba ya zagin kowa. Amma in an duba da kyau, ya mai da bishara gadon launin fata.

Ana ganin haka a ƙarshen littafin 1826, wajen jana'izar Uncas, ɗan Chingachgook, da Cora, 'yar Kanar Munro, wadda ke da jinin baƙar fata ta wajen uwa. Matan Delaware sun yi wa Cora makoki kamar 'yarsu. Tsohon ya roƙi Natty ya fassara musu cewa rana tana zuwa da dukan mutane za su taru a gaban kursiyin Allah ba bambancin launi ko matsayi. Natty ya girgiza kai, ya ƙi, ya faɗa musu wata godiya dabam. Wannan ita ce magana mafi kusa da bishara a dukan littafin, tafinta kuwa ya haɗiye ta.

Ƙarshen Chingachgook ya fi wannan ban tausayi. 'Yan mishan na ɗarikar Morabiya sun yi masa baftisma da sunan John. A tsufansa yana saƙa kwanduna, yana zuwa sujada daren Kirsimeti, daga nan ya wuce mashaya inda Kiristoci ke ɗura masa barasa. Da mutuwa ta zo, fasto ya tsaya a kansa yana neman kalmar shaida, shi kuwa zancen dajin farauta na kakanninsa yake yi. Cooper ya nuna abin kamar jini ne ya rinjayi ruwan baftisma. Amma duk wanda ya taɓa koyar da masu shirin baftisma zai ga wani dalili a cikin labarin kansa: an yi wa mutum baftisma, an ƙwace ƙasarsa, ba wanda ya zauna da shi a kan Maganar Allah, ba wanda ya ɗauke shi ɗan'uwa. Laifin na ikilisiya ne.

Tarihi ma bai goyi bayan Natty ba. A watan Maris na 1782, a ƙauyen mishan na Gnadenhutten cikin ƙasar Ohayo, dakarun sa-kai Turawa suka tara Indiyawa Kiristoci, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda bangaskiyarsu. Mutanen suka kwana suna addu'a da waƙoƙin yabo. Da safe aka kashe 96, maza da mata da yara, aka feɗe fatar kawunansu. A ranar nan, wa ke da baiwar gafara, wa ke da ta wuƙa? Cooper ya ɗebo yawancin saninsa na Indiyawa daga rubutun John Heckewelder, ɗan mishan da ya yi aiki a wannan yanki, amma cikin manyan taurarin waɗannan littattafai 5 babu Ba'indiye mai irin wannan bangaskiya. Akwai kuma Samson Occom na ƙabilar Mohegan, wanda aka naɗa fasto a 1759, ya yi wa'azi har a Ingila. Mohikan ɗin ma ba su ƙare ba; zuriyarsu tana zaune a jihar Wiskonsin har yau. Labarin ƙarewarsu ya fito shekara 4 kafin dokar 1830 da ta kori ƙabilu zuwa hayin Kogin Misisifi, ya kuwa sauƙaƙa wa masu karatu ɗaukar zalunci a matsayin ƙaddara.

Sai dai Cooper bai rufe ido gaba ɗaya ba. A cikin The Deerslayer, wata yarinya mai suna Hetty ta karanta wa Huron umarnin ƙaunar maƙiyi. Shugabansu ya tambaye ta dalilin da ya sa masu littafin ba sa bin abin da ke ciki. Yarinyar ta fashe da kuka. Ba shafin da ya fi wannan gaskiya a littattafan duka.

Kirista Bahaushe ya san wannan koyarwa ta baiwa, domin ya sha jin ana ce masa ya bi addinin Bature, ya bar na jininsa. Amsarta tana cikin Ayyukan Manzanni sura 10, inda aka aiki Bitrus gidan Karniliyus, da Ru'ya ta Yohanna sura 7. Saboda haka babu dalilin hana matasa karanta Cooper. Amma malamin da ya ba yaro littafin, ya kamata ya zauna da shi a kan shafin jana'izar nan, ya faɗa masa da Hausa maganar da Natty ya ƙi fassarawa.