Bayanau a Nahawun Turanci: Sharhi a Kan Ƙa'idar Ɗafa-ƙeyar -ly

Ɗalibin da ke koyon Turanci a Sakkwato yakan haddace ƙa'ida guda game da bayanau: a ɗauki sifa, a liƙa mata ɗafa-ƙeyar -ly, sai quick ta koma quickly. Ƙa'idar gaskiya ce, amma ba ta game ko'ina ba, kuma dogaro da ita kaɗai yana jefa ɗalibi cikin kuskure.

Da farko, kalmomin fast da hard da late bayanau ne ba tare da ɗafi ba. Hasali ma, hardly tana nufin "da ƙyar", don haka ɗalibin da ya rubuta he works hardly, yana son yabon ƙwazon mutum, ya zarge shi da lalaci ne bai sani ba. Haka kuma friendly da lovely siffofi ne, ko da yake sun ƙare da -ly.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ƙa'idar ta yi watsi da harshen da ɗalibi ya zo aji da shi. Hausa ba ta gina bayanau daga sifa ta wannan hanya. Takan haɗa "da" da suna, kamar "da sauri". Ko ta yi ninki, kamar "sannu-sannu". Ko ta kawo amsa-kama, kamar "tsaf". Ko ta nuna yanayi, kamar "a zaune". Sau da yawa ma aikatau ne ke ɗaukar nauyin: abin da Bature ke faɗa da again da already da almost, Bahaushe yana faɗarsa da "ya sake zuwa", "ya riga ya tafi", "ya kusa faɗuwa". Wanda ba a nuna masa wannan bambanci ba, shi ne ke rubuta slowly slowly.

Kayan aikin gyara suna nan. Littafin nahawun Hausa na M.K.M. Galadanci ya fito a 1976, na Paul Newman kuwa a 2000. Abin da ya rage shi ne masu horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, su haɗa malamin Hausa da na Turanci a kan darasi ɗaya, domin ɗalibi ya fara daga abin da ya sani kafin a kai shi ga baƙon abu.