Tallar tufafi da yaƙar gurguzu a jaridar The Argus

Mai nazarin tsofaffin shafukan The Argus, jaridar masu ra'ayin riƙau ta birnin Melbourne a Ostareliya, zai tarar da tallar rangwamen tufafi tare da labarin tarukan ƙungiyar matan da aka kafa a 1904 domin yaƙar gurguzu. Mace guda ake zawarci da su: ɗiyar Turawa ƴan kama-wuri-zauna, mai kuɗin sayayya, mai ƙuri'ar tarayya tun 1902. Lallashin ya yi armashi, amma aibinsa yana ga waɗanda bai ambata ba: maɗinkan da ƙarancin lada ya kai su yajin aiki a 1882, da matan ƴan asalin ƙasa da dokar 1902 ta hana wa akasarinsu ƙuri'a. Rigar da ta yi araha, wata ce ta biya da guminta.