Ɗan Maraya da Tsirkiyarsa Guda

Piyano, wanda Turawa kan cika zaure don su saurari mutum guda yana bugawa, maɓallai 88 gare shi, gwanayensa kuma ba sa rasa hali na daban. Glenn Gould na Kanada ba ya zama sai a kan wata gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa, yana kiɗa yana gunguni, a 1964 kuma ya daina wasa gaban jama'a ɗungurungum. Mu ma mun yi namu wanda ke riƙe taro shi kaɗai, sai dai shi tsirkiya ɗaya ce rak a hannunsa.

An haifi Adamu Wayya, Ɗan Maraya Jos, a Bukuru a 1946. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, sarkin da mahaifinsa ke yi wa kiɗa ya riƙe shi. Wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ce ta sa ya ƙera kuntigi. Kuntigin kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: gwangwanin kifi aka rufe da fatar akuya, aka zura sanda, aka ɗaura tsirkiya.

Wuyar aikin tana nan. Shata na da masu kalangu da 'yan amshi. In ya tsaya shan iska, akwai masu riƙe masa waƙa. Ɗan Maraya ba shi da kowa. Hannun dama na karkaɗa tsirkiya da sauri ba hutawa, yatsun hagu na danne ta a jikin sandar da ba ta da alamar inda za a taɓa, kunne ne kawai jagora. Kowace waƙa da taken da yake maimaitawa idan ya yi shiru. Da ya buɗe baki sai taken ya lanƙwasa, ya bi hawa da saukar muryarsa, ɗan waƙa na ƙarewa ya koma inda yake. Shi ya sa mai saurare ba ya jin an rasa amshi. A "Jawabin Aure" ma shi ne mijin, shi ne matar, yana sauya murya, hannu bai ko ɗaga ba.

Zaɓin wanda zai yi wa waƙa shi ne abin da ya fi burge ni. Ɗan makaɗin fada ne, amma waƙar da ta fito da shi ta karen mota ce, yaron da ake tsawata wa, ya ɗora kaya, ya sa waigi, ya kwana ƙarƙashin mota. Duk wanda ya san tashar Kazaure da zirga-zirgar hanyar Kano zuwa Daura, ko motocin cin kasuwa masu nufar Babura, ya san wannan yaro ido da ido. Kafin Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, 'yan tasha sun riga sun karɓe shi. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yunin 2015.